Dirofshifin: Wanda Bai Taɓa Kayan Ba, Shi Doka Take Nema

A ce wani matashi ne a Kano, jarinsa gaba ɗaya wayar Android da data. Ya ɗauko hoton fawa bank daga AliExpress, ya ɗora a Instagram da sitatus ɗinsa na WhatsApp, ya rubuta farashi a ƙasa. Wata mata a Kaduna ta gani, ta tura masa naira 25,000. Shi kuma ya biya mai kayan a Shenzhen kwatankwacin naira 16,000, ya ba shi adireshinta, aka turo mata kai tsaye. Bai ga fawa bank ɗin ba, bai riƙe shi ba, ko nauyinsa bai sani ba. Bayan mako uku da isowarsa, batirin ya kumbura cikin dare ya ƙone mata katifa.

Matar nan ba ta san wani ɗan kasuwa a Shenzhen ba. Lambar wayar da take da ita ta matashin ce, asusun da ta tura wa kuɗi nasa ne, kuma sunansa ne a jikin risit ɗin banki. Idan ta kai ƙara, shi za a kira.

Wannan harka ita ake kira dirofshifin: mutum ya tallata kayan da ba ya ajiye su, sai an yi oda ya sa mai kayan ya aika wa kwastoma. Akwai masu yin ta da kayan Chaina ta AliExpress ko CJdropshipping, akwai masu yin ta a gida da atamfar Kantin Kwari ko wayoyin Farm Centre da Computer Village, a kai tasha a saka a mota. Bidiyoyin da ke koyar da ita a TikTok da YouTube duk kan magana ɗaya suke: babu shago, babu sito, babu jari. Gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne alhakin mai sayarwa ba ya bin kayan zuwa gidan kwastoma, yana nan kan wanda ya karɓi kuɗi.

Dillali ne ko mai sayarwa?

Yawancin masu harkar suna ɗaukar kansu dillalai, kuma daga nan kuskuren yake farawa. Dillali a kasuwa yana haɗa mai kaya da mai saye, kowa ya san ba shi ne mai kayan ba, ya karɓi la'adarsa ya koma gefe. Amma wanda ya saka wa kaya farashinsa, ya karɓi kuɗin gaba ɗaya a asusunsa, ya kuma ɓoye sunan mai kayan don kada kwastoma ya tsallake shi, wannan mai sayarwa ne. Ciniki biyu aka yi: ɗaya tsakaninsa da kwastoma, ɗaya tsakaninsa da mai kaya. Idan na biyun ya lalace, na farkon yana nan a wuyansa.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar FCCPC, a kan wannan take tafiya. Ta ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci waɗanda suka dace da yadda aka siffanta su, ta kuma ba shi damar mayar da kayan da ba su cika wannan sharaɗi ba cikin wata uku, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Wanda ya sayar masa shi ne zai ɗauki ɗawainiyar mayarwar. Saboda haka rubutun nan da ake yawan gani a saman shafukan Instagram, cewa ba a mayar da kuɗi bayan an biya, ba ya kare kowa idan kayan na da aibi. Mutum ba ya soke dokar ƙasa da layi ɗaya a bayanin shafinsa.

Akwai kuma inda maganar take tsallakewa daga rikicin ciniki ta zama laifi. Wanda ya tara kuɗin mutane da sunan oda, ya san kayan ba za su zo ba, ko ya cinye kuɗin ya kashe waya, ya shiga hurumin dokar damfara ta 2006, wadda EFCC da 'yan sanda suke aiki da ita. Jinkirin kaya ba damfara ba ne. Amma idan an zo bincike, abin da zai raba mai jinkiri da ɗan damfara shi ne shaidar cewa ya biya mai kayan, da lambar bibiyar ƙunshin, da saƙonnin da ya riƙa tura wa kwastoma. Wanda ba ya ajiye waɗannan ya bar kansa da rantsuwa kawai.

Tambayar dillali ko mai sayarwa ita ce kuma malamai suke tattaunawa idan aka kawo musu wannan harka, domin an hana sayar da abin da mutum bai mallaka ba. Hanyoyin da aka fi ambata su ne mutum ya zama wakilin mai kaya a bayyane bisa la'ada, ko a yi cinikin salam, inda ake biyan kuɗi gaba ɗaya a kan kayan da aka siffanta sosai aka kuma sa ranar kawowa. Akwai saɓani kan sharuɗɗan, wannan na malamai ne. Sai dai duk wanda ya tsaya ya tantance matsayinsa ta wannan fuska, zai ga ya rage wa kansa rabin aikin ta fuskar doka, domin amsar ita ce take nuna ko kuɗin da ke shiga asusunsa cinikinsa ne ko amanar wani.

Rajista

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce duk mai kasuwanci da wani suna wanda ba ainihin sunansa ba, sai ya yi wa sunan rajista a hukumar CAC cikin kwana 28 da farawa. Shafin da aka sa wa suna irin na shago, aka yi masa tambari, ya shiga ciki, ko da a ɗakin kwana ake gudanar da shi. Zaɓi biyu ne ga mai farawa. Rajistar sunan kasuwanci ta fi araha da sauƙi, amma mutum da kasuwancin abu ɗaya ne, idan bashi ya hau ana iya bin dukiyarsa ta kansa. Kamfani kuwa doka na ɗaukarsa daban da mai shi, kuma tun 2020 mutum ɗaya na iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Mai sayar da hula da turaren wuta zai iya zama da ta farko. Mai sayar da caja da batir da duk abin da ake jona wa wuta, ya kamata ya yi tunanin ta biyu da wuri.

Rajista ba ta ƙarewa ranar da satifiket ya fito. Akwai bayanan shekara da ake miƙa wa CAC, na sunan kasuwanci kafin ƙarshen watan Yuni, kuma wanda ya bari suka taru zai tarar da tara ranar da yake buƙatar takarda cikin gaggawa. Amfaninta na kusa shi ne asusun banki da sunan kasuwanci, da kuma cikakken asusu a kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave, waɗanda suke sanya wa marasa rajista iyaka.

Haraji: ciniki daban, riba daban

Nan ne aka fi ruɗewa, kuma nan ne tsoro ya fi gaskiya yawa. A watan Yunin 2025 aka sanya hannu kan sababbin dokokin haraji, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, hukumar FIRS ta koma NRS. Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wa yake bin sa haraji. Mai sunan kasuwanci harajin kuɗin shiga na mutum yake biya, kuma hukumar harajin jihar da yake zaune ce take karɓa, KIRS ga mazaunin Kano, KADIRS ga mazaunin Kaduna. Kamfani kuwa na NRS ne. Ga ɗaiɗaikun mutane, lambar NIN ce aka ɗora lambar harajinsu a kai.

Abu na biyu, a kan riba ake biyan harajin kuɗin shiga, ba a kan duk abin da ya shigo asusu ba. A ɗauka matashin nan ya yi cinikin naira miliyan 9 a shekara. Ya biya masu kaya miliyan 5.5, ya kashe miliyan 1 kan tallar Facebook da TikTok, data da kuɗin aike da cajin banki suka ci 500,000. Ribarsa miliyan 2 kenan. A sabon tsarin, naira 800,000 ta farko babu haraji a kanta, miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 cikin ɗari ne. Abin da ya rage masa bayan an cire 800,000 shi ne miliyan 1.2, harajinsa naira 180,000, kafin a duba wasu rangwame da doka ta tanada kamar na kuɗin haya.

Matsalar ita ce wannan lissafi yana tsayawa ne idan akwai shaida. Jami'in haraji da ya buɗe bayanan banki miliyan 9 zai gani sun shigo. Miliyan 7 da suka fita, sai mai su ya nuna inda suka tafi. Idan asusun da kwastomomi ke tura kuɗi shi ne wanda yayansa ke turo masa kuɗin cefanen gida, shi ne na adashi, shi ne na sayen kati, to warware wannan ƙulli sai an sha wuya. Worse kuma idan ta hannun wani ɗan canji yake biyan Chaina, ya tura naira zuwa asusun mutumin da bai sani ba, babu takardar oda, babu risit. A idon mai bincike, wannan kuɗi ne ya tura wa wani, ba kuɗin sayen kaya ba.

Gyaran ba ya buƙatar wata manhaja mai tsada. Asusu ɗaya na kasuwanci kaɗai, da jadawali a Google Sheets ko Excel mai layi ɗaya ga kowace oda: rana, abin da kwastoma ya biya, abin da aka biya mai kaya, canjin dala ko yuwan na ranar, kuɗin aike, da lambar bibiya. A sauke risit ɗin talla daga Meta duk ƙarshen wata. Hoton allo na WhatsApp ya fi babu, amma waya tana faɗawa ruwa, don haka a ajiye kwafi a Google Drive.

Ɗaiɗaikun mutane suna miƙa bayanan harajin shekarar da ta wuce zuwa 31 ga Maris, kamfani kuma cikin wata shida da rufe shekarar kuɗinsa. Ƙananan kamfanoni ba sa biyan harajin riba, amma wajibi ne su miƙa bayanai, kuma a nan ake kama mutane da yawa. Rashin miƙawa tararsa naira 100,000 ce a watan farko, 50,000 a kowane wata bayansa. Kamfanin da bai ci ribar sisi ba zai iya wayar gari da bashin tara saboda mai shi ya ɗauka babu haraji yana nufin babu takarda.

Sai harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 tun Fabrairun 2020. Wannan ba kuɗin mai sayarwa ba ne, karɓa yake daga kwastoma ya miƙa wa gwamnati zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa masu cinikin ƙasa da naira miliyan 25 a shekara wannan nauyi, sabuwar dokar kuma ta ɗaga iyakar. Abin lura shi ne da jimillar ciniki ake auna iyakar, ba da riba ba. A dirofshifin ciniki na kumbura riba na ƙanƙanta, musamman ga mai sayar da wayoyi, don haka mutum na iya tsallake iyakar alhali aljihunsa bai ji ba. Wanda kuma yake ƙara VAT a risit don shagonsa ya yi kama da babba, amma ba ya miƙawa, kuɗin gwamnati yake ci.

Kayan da suke da mai tsaro

Ba kowane abu da ake gani a AliExpress ba ne ya halatta a sayar a Najeriya. Wayoyi, da rauta, da sauran na'urorin sadarwa sai samfurin ya samu amincewar NCC. Kayan wuta suna ƙarƙashin SON. Man shafawa, da maganin rage ƙiba, da shayin gyaran jiki, da kayan mata na kwalba, duk na NAFDAC ne, kuma su ne suka fi ribar da ke jan masu farawa. Wanda ya tallata man bilicin marar rajista, aka shafa fata ta lalace, cewa bai taɓa buɗe kwalbar ba ba zai taimake shi ba. Jiragen daron kuwa har ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro yana da ta cewa a shigo da su.

Jabu ma haka. Iyafis mai tambarin Apple a kan naira 8,000, ko cajar da aka buga wa sunan Oraimo a wata masana'antar da ba tasu ba, mai tallata su yana keta haƙƙin tambari ko da ya rubuta cewa kwafi ne. Kafin ma a je kotu, ƙorafin mai tambarin na iya sa Meta ko Shopify su rufe shafin da aka shekara ana ginawa.

Ta fuskar kwastam, a Satumban 2025 hukumar ta fara yafe haraji kan ƙananan ƙunshin da ba su wuce dala 300 ba, amma sau huɗu kawai a shekara. Idan ƙunshi ya taho kai tsaye da sunan kwastoma, shi za a nema da duk wani kuɗin da ya taso, kuma idan ba a faɗa masa tun farko ba, rigima ce. Wasu masu kaya a Chaina suna rubuta farashin ƙarya a jikin ƙunshi ko su ce kyauta ce. Mai dirofshifin da ya nemi a yi masa haka ya sa hannu a ƙaryar.

Akwai abu ɗaya da kusan babu mai kula da shi. Kowace oda tana ɗauke da sunan mutum, da lambarsa, da kwatancen gidansa, kuma ana tura su ga wani a wata ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi wannan, hukumar NDPC ce mai kula da ita, kuma tarar ƙaramin mai laifi na iya kaiwa naira miliyan 2. Abin da ake buƙata daga ƙaramin ɗan kasuwa bai fi ya faɗa wa kwastoma me zai yi da bayanansa da wanda zai ba ba, kada ya sayar da lambobin, kada ya jefa mutane guruf ba izini. Jadawalin oda da aka bar mahaɗinsa a buɗe, duk wanda ya samu ya shiga, ɓaraka ce, kuma danna abu ɗaya ne yake rufe ta.

Masu harin dala

Ɗaya rukunin shi ne masu buɗe shago a Shopify su sayar wa Amurka da Turai. Waɗannan dokokin ƙasashen kwastomominsu ne suke hawa kansu, ga na gida. Tarayyar Turai ta soke yafiyar VAT kan kayan ƙasa da yuro 22 tun 1 ga Yulin 2021, ta kawo tsarin IOSS na karɓar harajin lokacin saye ga kayan da ba su wuce yuro 150 ba. Mai saye a can yana da kwana 14 na fasa ciniki ba tare da ba da dalili ba, kuma tun Disamban 2024 kayan da ake sayar musu sai suna da wani mai ɗaukar alhakinsu a cikin Tarayyar. Birtaniya tun Janairun 2021 ta ɗora wa mai sayarwa karɓar VAT kan kayan da ba su wuce fam 135 ba.

Amurka ce ta fi girgiza harkar. Shekaru da dama ƙunshin da bai wuce dala 800 ba yana shiga ba tare da harajin kwastam ba, kuma a kan wannan aka gina dirofshifin daga Chaina. An rufe wannan ƙofa ga kayan Chaina da Hong Kong ranar 2 ga Mayun 2025, ga sauran duniya ranar 29 ga Agusta. Duk kwas ɗin da aka naɗa kafin nan, lissafin ribarsa ya tsufa. Ga kuma harajin saye na jihohi, wanda hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2018 a shari'ar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair ya ba jihohi damar nema daga mai sayarwa ko da ba ya zaune a cikinsu, idan cinikinsa a jihar ya kai wata iyaka.

Da yake Shopify Payments ba ya aiki a Najeriya, matasa da yawa suna buɗe kamfani nau'in LLC a Wyoming ko Delaware ta intanet don su samu asusun Stripe. Buɗewar ba laifi ba ce. Abin da masu tallar ba sa ambata shi ne kamfanin da baƙo ɗaya ya mallaka sai ya miƙa wa hukumar harajin Amurka fom mai lamba 5472, kuma tarar rashin miƙa shi dala 25,000 ce. Ko kuɗin da mai shi ya zuba don buɗe kamfanin yana cikin abin da ake bayyanawa. Sannan mazaunin Najeriya ana bin sa haraji a kan abin da ya samu a ko'ina, don haka dalar da ke kwance a asusun waje tana cikin lissafin da zai kai wa hukumar jiharsa.

A wannan kasuwa kwastoma ba ya ma buƙatar kotu. Idan kaya suka yi jinkiri, bankinsa zai kira ya ce a janye kuɗin daga katin, a cire wa mai shago kuɗin da ƙarin caji. Idan irin wannan ya yi yawa, kamfanin karɓar kuɗi na iya riƙe abin da ke asusun na tsawon watanni, alhali an riga an biya mai kaya a Shenzhen an kuma biya Facebook kuɗin talla.